Ina Lissafin Ƙuri'armu?

Jama'ar Madawa da Buza da Keita:  Maganarmu ta yau a kan zaɓe ce, watau babban zaɓen da aka yi ran 27 ga Disamba 2020, da zagaye na biyu wanda ya biyo baya ran 21 ga Fabrairu 2021. Shi ne zaɓen gama-gari na ƙarshe kafin soja su karɓi mulki a 2023. Wani zai ce mene ne amfanin tone-tone, ai gwamnatin da zaɓen ya haifa ma ba ta nan. To, mu mutanen kasuwa ne, mun kuwa san wanda ya tashi daga kasuwa bai zauna ya ƙidaya abin da ya shiga aljihunsa da abin da ya fita ba, mako mai zuwa ma haka za a cuce shi. Wannan kasuwa ta watse ba mu yi lissafinta ba.

Ga abin da aka samu, don kada a yi ta gardama a kan ji-ta-ji-ta. Mutum 30 suka tsaya neman shugabancin ƙasa. Waɗanda aka rubuta cikin kundin zaɓe sun ɗara miliyan 7 da dubu 400, kusan kashi 70 cikin ɗari kuwa suka fito. Muhammad Bazum na PNDS-Tarayya ya sami kashi 39 da ɗoriya. Mahaman Usman na RDR-Canji ya sami kusan kashi 17, Saini Umaru na MNSD-Nasara kusan 9, Albade Abuba na MPR-Jamhuriya 7 da ɗoriya, Ibrahim Yakuba na MPN-Kishin Ƙasa 5 da ɗoriya. Hama Amadu na Lumana bai tsaya ba, gama kotun tsarin mulki ta ƙi takardunsa a watan Nuwamba 2020, sai ya ce wa mutanensa su zaɓi Mahaman Usman. Da ya ke ba wanda ya haye rabi, aka koma zagaye na biyu. Saini Umaru da Albade Abuba suka mara wa Bazum baya, kotu ta ba shi kashi 55.66, ta ba Usman 44.34. Aka rantsar da shi ran 2 ga Afrilu 2021, karo na farko ke nan a tarihin Nijar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki.

Wannan kowa ya sani, har yaran da ke tallan gyaɗa a tasha. Amma a tambayi mutum goma a kasuwar Tamaske ko ta Sabon Gida, kujera nawa kowace jam'iyya ta samu a majalisar dokoki, a ga ko za a sami biyu da za su amsa. Alhali kuwa rana ɗaya aka yi zaɓen, rumfa ɗaya, akwati biyu. Majalisar mai kujera 171 ce, aka cika 166. Tarayya ta ɗauki 79, Lumana 19, Jamhuriya 14, Nasara 13, sauran suka watsu cikin ƙananan jam'iyyu. Ku lura da wani abu a nan. Jam'iyyar Mahaman Usman, wanda ya zo na biyu a neman shugabanci, ko kujera 10 ba ta samu ba, Lumana kuwa wadda ba ta da ɗan takara ta zo ta biyu a majalisa. Ashe akwai wuraren da mutane suka san takardun nan biyu ba abu ɗaya ba ne, suka dangwala wa wannan a nan, suka dangwala wa waccan a can.

A wajenmu galibi ba haka aka yi ba. Shekarar zaɓen shugaban ƙasa hoton mutum ɗaya ya kan rufe kome. Shi ne a jikin mota, shi ne a zanen mata, shi maroƙa su ke wasawa. Mai zaɓe ya shiga rumfa da sunan mutum ɗaya a ransa, in ya gama da akwatin farko sai ya nemi alamar nan dai a takarda ta biyu ya dangwala, ya fito. Bai tambayi wa ya aika Yamai ba.

Ko da ya tambaya ma, doka ba ta sauƙaƙa masa amsa ba, wannan kuwa ya kamata kowane ɗan reshe ya fahimce shi sarai. A zaɓen majalisa na 2020 ba a yanka ƙasa gunduma gunduma ba, jiha ɗungum ita ce mazaɓa. A lokacin jihar Tawa tana da kujera 30, ban da kujerar musamman ta Tasara. A wancan tsari kowace jam'iyya ta kan kawo jerin sunaye na jiha duka, mai zaɓe ya zaɓi jam'iyya, ba shi da ikon ya ce wane na ke so cikin jerin, wane ba na so. A tara ƙuri'u tun daga Bangi a bakin iyakar Nijeriya har Cintabaradan, a raba kujeru gwargwadon abin da kowace jam'iyya ta samu. Ba mu ce tsarin ba shi da kyau ba sam. Da shi ƙaramar jam'iyya ta ke samun shiga, da shi kuma aka iya tilasta wa jam'iyyu su ba mata rabonsu, wanda dokar 2019 ta ɗaga zuwa kashi 25 cikin ɗari. Jam'iyyu kuma su kan yi ƙoƙari su ɗauko 'yan takara daga kowace gunduma, shi ya sa a baki a kan ce depiten Buza ko depiten Keita. Amma a baki ne kurum. Wanda ya rubuta sunan mutum cikin jeri shi ne ubangidansa, shi zai je ya yi wa godiya, shi kuma zai ji tsoro in wa'adi ya ƙarato. Manomin Karofan ba shi da sandar da zai kai masa.

Ku duba kuma yawanmu. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Madawa mutum 545,538, Buza 445,363, Keita 337,098. In an haɗa sun kusa miliyan 1 da dubu 328, cikin miliyan 3 da dubu 328 na jihar Tawa duka. Watau cikin kowane mutum biyar na jiha, biyu namu ne. In aka bi wannan awo, nauyin gundumomin nan uku ya kai kujera 12 cikin 30 ɗin nan. Kujera 12 kuwa ba wasa ba ce, kusan daidai ta ke da abin da Nasara ta samu a faɗin ƙasa duka. Da kujera 13 ɗin nan da kashi 9 na zagayen farko, Saini Umaru ya zama shugaban majalisar dokoki a watan Maris 2021.

A nan ne mu ke so mu daɗe kaɗan, don nan ne ciwon ya ke. Kowa a fadamar Tarka ya san sha'anin albasa. In aka cire ta gaba ɗaya a watan Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, mai saye shi ke yanka kuɗi, har ya ce sai an ɗora wa buhu hula, hular kuwa kyauta ya ke ɗaukarta. Wanda ya iya daurewa ya zuba tasa a rudu, ya jira har damina ta yi nisa, shi mai motar Kumasi ko Abijan ya ke bi har gida yana lallashi. Mafi hasara duka shi ne wanda ya ci bashi tun albasa tana ƙasa, gama ranar cira ba shi da bakin ciniki, an riga an san ta wane ce. To, ƙuri'a ma haka ta ke. Saini Umaru da Albade Abuba 'yar kaɗan gare su, amma tana cikin rudu, sai da aka zo aka zauna da su. Tamu mai yawa ce, amma tun kafin a buga takardun zaɓe kowa a Yamai ya san inda za ta. Mai ita ba ya bukatar ya yi mana alkawari mai nauyi, abokin hamayyarsa kuma ba ya ɓata man motarsa ya hau duwatsun Adar neman abin da ya tabbata ba zai samu ba.

Kada a ji mu da kuskure. Ba mu zargin kowa don ya so ɗan ƙasarsa. Mahamadu Isufu ɗan Dandaji ne a ƙasar Illela, tun zaɓen 1993 jihar Tawa ta tsaya masa, ya faɗi a 1999, ya faɗi a 2004, ba ta sake shi ba har ya hau a 2011. Riƙon amana irin wannan abin yabo ne a wurin mutum. Da ya gama wa'adinsa biyu ya nuna Bazum, jihar ta bi, a nan ne kuma Bazum ya sami ratar da ta fi kowace girma, alhali Yamai da Damagaram sun bi Usman. An kuma saka wa jihar ta wani fanni, gama firaministan da aka naɗa a watan Afrilu 2021, Uhumudu Mahamadu, ɗan jihar Tawa ne, kamar yadda birnin Tawa ya sha gyara lokacin bikin 18 ga Disamba na 2017 wanda aka kira Tawa Sakola. Duk mun gani. Abin da mu ke tambaya shi ne, wace takarda aka rubuta tsakanin masu neman ƙuri'a da mutanen Garhanga ko na Urno kafin a ba su? Kilomita nawa na hanya, rijiya nawa, malami nawa, zuwa wace shekara? Muƙamin da aka ba ɗan jiha nasa ne da gidansa. Abin da aka rubuta aka karanta a bainar jama'a, shi ne na gari, shi kaɗai kuma a ke iya fitowa da shi bayan shekara biyar a ce ga wanda aka cika, ga wanda aka saɓa.

Akwai abin da ya kamata ya dame mu. Manyan ayyuka biyu da suka sāke fuskar ƙasarmu a zamanin nan, ba ta akwatin zaɓe suka zo ba. Layukan itatuwan kare iska na kwarin Majiya a ƙasar Buza an fara dasa su a 1975, da taimakon ƙungiyar CARE ta Amurka, bayan yunwar 1973 da 1974. Babban aikin Keita kuma an fara shi a 1984, shekarar wani farin, da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne kuwa mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun a ka, ana biyansu da abinci. Duka biyun a zamanin Saini Kunce aka yi su, sa'ad da ba zaɓe ba jam'iyya. Ba muna cewa mulkin soja ya fi ba ne, fari ne ya jawo idon duniya, tausayi ya kawo kuɗin. Amma abin kunya ne ga 'ya'yan ƙasa mai 'yancin kai a ce abin da yunwa ta samo musu daga baƙi, ƙuri'arsu ta kasa samo musu irinsa daga nasu.

Sa'an nan a tuna da waɗanda ba su jefa ba. Ƙasar Adar ƙasar cin rani ce tun kakanni. Da an gama girbi samari sun kama hanya, wasu Kano da Legas, wasu Abijan, wasu Libiya da Aljeriya. Zaɓen da aka sa a ƙarshen Disamba da ƙarshen Fabrairu ya faɗo daidai lokacin da gidaje da yawa ba maza. Doka ta ware kujera 5 domin 'yan Nijar mazauna waje, amma a 2020 ba a rubuta su cikin kundi ba, aka ce cutar korona ce ta hana, shi ya sa aka cika kujera 166 maimakon 171, ba su kuma sa hannu a zaɓen shugaban ƙasa ba. Mutumin da kuɗinsa ke sayen hatsin gida lokacin bazara, shi ne ba a tambayi ra'ayinsa ba. Waɗanda suka tsaya a layi cikin hunturu da yara a baya, mata ne da tsofaffi suka fi yawa a ƙauyuka da dama. Sai mu tambayi rassanmu, mace nawa ke zama cikin shawara in ban da ranar da a ke bukatar guɗa?

Yanzu sai maganar gardama. Da hukumar zaɓe ta CENI ta faɗi sakamakon zagaye na biyu ran 23 ga Fabrairu 2021, Mahaman Usman ya ƙi, ya ce shi ya ci da kashi 50.3. Aka yi tarzoma a Yamai, aka rasa rayuka, aka kama ɗaruruwan mutane, har da Hama Amadu, aka yanke intanet na wayar hannu kwana goma. Kotun tsarin mulki ta soke sakamakon rumfa 73, ta tabbatar da sauran. 'Yan hamayya suka yi ta nuna yatsa ga yankunan da jam'iyya mai mulki ta yi rinjaye ƙwarai, jiharmu kuwa ita ce kan gaba cikin irin waɗannan yankuna. Mu ba alƙalai ba ne, ba kuma za mu sake shari'ar da aka gama ba. Amma akwai darasin da ya shafi kowane reshe, ko na wace jam'iyya ne.

Zaɓe a rumfa a ke cinsa, a rumfa kuma a ke tsare shi. A zaɓen 2020 da 2021, in an rufe, nan take a ke buɗe akwati a ƙidaya a gaban wakilan 'yan takara, a rubuta takardar sakamako, su sa hannu, kowane wakili ya karɓi shaidarsa. Daga nan ta tafi hukumar zaɓe ta ƙaramar hukuma, ta wuce gaba har Yamai. Inda jam'iyyu biyu ko uku su ke da ƙarfi, kowa yana tsaron kowa, alƙalamin da ya fito ba mai iya musunsa. Amma garin da kowa ɗan gida ɗaya ne, inda ɗan hamayya ya ke jin kunya ko tsoron ya zauna a kan benci da sunan wata jam'iyya, to, ko gaskiya tsantsa aka ƙidaya, ba ta da mai shaida. Ciniki ba shaida kuwa kun san yadda ya ke ƙarewa a gaban alƙali. Saboda haka wanda ya kori wakilin hamayya daga rumfar ƙauyensu yana tsammani ya yi wa jam'iyyarsa aiki, ƙuri'ar uwarsa ya zubar wa daraja, gama gobe in an ce ta ƙarya ce ba shi da wanda zai kira ya rantse. Masu rinjaye sun fi kowa bukatar ɗan hamayya ya zauna lafiya, a ba shi ruwa, ya ƙidaya tare da su, ya sa hannu.

Tarihin ƙasarmu ya isa ya koya mana tsoron babban alƙalami. Ran 28 ga Satumba 1958 Sawaba ta Jibo Bakari ta ce a jefa A'a ga tsarin Janar Dagol, gwamnan mulkin mallaka ya sa nauyinsa duka a ɗaya gefen, aka ce I ta sami kusan kashi 78. Shekara guda bayan haka, a watan Oktoba 1959, aka haramta Sawaba. A 1965 aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na majalisa, Diori Hamani shi kaɗai ya tsaya, jam'iyyarsa ta PPN-RDA ta kwashe kujera 50 duka, haka kuma aka maimaita a 1970. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka kawar da shi cikin dare ɗaya. A watan Disamba 1989 aka ba Ali Shaibu fiye da kashi 99, kafin shekara biyu taron ƙasa na 1991 ya raba shi da iko. A watan Yuli 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidaya, ya naɗa wata, ta ce ya ci tun zagayen farko, mulkin bai cika shekara uku ba bayan haka. Ko a 2016, kashi 92 da aka ba Isufu a zagaye na biyu ya samu ne don 'yan hamayya sun ƙaurace, ɗan takararsu kuma daga kurkukun Filinge aka ɗauke shi zuwa asibiti a Faransa. Zaɓen da har yau ba a cika gardama a kansa ba shi ne na 1993, inda Tanja Mamadu ya zo na ɗaya a zagayen farko, Mahaman Usman ya haɗa ƙawance, har da Tarayya a ciki, ya wuce shi da kashi 54 da ɗoriya. Ƙaramar rata ce, amma kowa ya ga yadda aka auna.

Ba za mu wuce ba sai mun ambaci ranar 21 ga Maris 2021. Ranar da kotu ta tabbatar da sakamako a Yamai, a ranar ce 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyukan ƙasar Tiliya a arewacin jiharmu, gwamnati ta ce mutum 137 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A kudu kuma, kafin shekarar ta ƙare, dubban mutane suka tsallako daga ƙasar Sakkwato zuwa ƙaramar hukumar Bangi suna gudun ɓarayin daji. Wannan ita ce ƙasar da aka yi zaɓen dominta.

Abin da ya sami sakamakon kuwa kun sani. Ran 26 ga Yuli 2023, shekara biyu da wata huɗu ba su cika ba da rantsarwa, masu tsaron fadar shugaban ƙasa suka tsare Bazum, Janar Abdurahaman Tiani ya hau, aka jingine tsarin mulki, majalisar dokoki ta tashi. Ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wuta, 'yan kasuwar Madawa da Ƙonni suka ɗanɗana har farkon 2024. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo. Ran 26 ga Maris 2025 aka rantsar da Janar Tiani a kan wa'adin shekara biyar wanda aka ce ana iya sake duba shi, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa duka. Kowa da ra'ayinsa a kan waɗannan al'amura, mun san kuma cikin masu sauraron wannan takarda akwai wanda ya yi murna, akwai wanda ya yi baƙin ciki. Abu ɗaya dai ba mai musu, duk abin da aka jefa cikin akwatunan Disamba 2020 da na Fabrairu 2021 an share shi.

Cikin abin da aka share, wanda aka fi yin shiru a kansa shi ne ya fi kusa da mu. Mako biyu kafin babban zaɓe, ran 13 ga Disamba 2020, an yi zaɓen ƙananan hukumomi da na majalisar jiha. Gundumominmu uku suna da ƙananan hukumomi 17. Madawa na da shida, watau Madawa, Azarori, Bangi, Galma, Urno da Sabon Gida. Buza na da bakwai, Buza, Allakai, Babban Katami, Dewule, Karofan, Tabotaki da Tama. Keita na da huɗu, Keita, Garhanga, Ibohaman da Tamaske. A nan ne aka zaɓi kansiloli, su kuma suka zaɓi magajin gari daga cikinsu. A lokacin hannunsu ne harajin kasuwa ya ke shiga, da na tasha, da na kara. Su ke ba da takardar haihuwa, su ke yanka filaye, da su a ke shawarar inda za a haƙa rijiya ko a ƙara aji. Kansila ba a Yamai ya ke kwana ba, ana gamuwa da shi a masallacin Juma'a, ana zuwa sunan ɗansa. Zaman majalisarsu ma ba a ɓoye doka ta ce a yi shi ba, kowa na iya shiga ya saurara. Amma da yawanmu mun ɗauki zaɓen nan kamar gwajin ƙarfi ne kafin babbar kokawa, kowace jam'iyya tana duba alƙalumansa don ta san yadda za ta kasance ran 27 ga wata. Kimanin shekara uku kansilolin nan suka yi a kan kujera. Reshe nawa ne ya taɓa aika mutum ya zauna ya ji nawa aka tara a kasuwar garinsu cikin shekara, nawa kuma aka kashe, a kan me? Mai sayar da albasa ya biya tikiti kowace ranar kasuwa, bai taɓa ganin jimla ba. Da an saba tambayar magajin gari lissafi, da ba a ji nauyin tambayar depite ba, da kuma ranar da aka ce an rushe majalisun mutane sun san abin da aka ɗauke musu.

To, me ya rage a hannunmu? An rushe jam'iyyu, amma ba a hana mutum sanin lissafin ƙauyensu ba, wannan kuwa aiki ne da ba ya bukatar tuta ko lasifika. Muna roƙon kowane sakatare ya sami littafi irin na 'yan makaranta. Ya nemi waɗanda suka yi wakilci a rumfunan garinsu a 2020 da 2021, na kowane gefe, tun suna da rai kuma tun gara ba ta cinye takardun ba, ya kwafe alƙaluman rumfa rumfa, mutum nawa aka rubuta, nawa suka jefa, wa ya sami nawa a akwatin shugaba, wa ya sami nawa a na majalisa. Ya rubuta sunayen kansilolin da aka zaɓa da na depitocin da aka ce na gundumar ne, da alkawarin da kowannensu ya yi a bainar jama'a in akwai masu tunawa, mutum biyu su shaida kafin a rubuta. Kada a ƙara, kada a rage, ko da alƙalamin bai yi wa mai rubutu daɗi ba.

A bayan littafin kuma a buɗe shafi domin yara. Yaron da ke da shekara 13 ranar zaɓen 2020 ya cika 18 a 2025, wanda ke da 8 zai cika a 2030. Kundin zaɓe na 2020 da hoto da zanen yatsa aka yi shi, ba a kuwa shiga irinsa sai da shaidar ko wane ne mutum. A bi gida gida a rubuta waɗanda ba su da takardar haihuwa, 'yan mata kafin samari, don su aka fi mantawa, a kai sunayen ma'aikatar magajin gari tun yanzu da ba layi. Masu shirin tafiya cin rani kuma a rubuta garin da za su da lambar wayarsu kafin su hau mota.